Babur Jakin Zamani: Nasiha Ga Mai Tsimin Fetur

Maganar wannan mako a kan babur take, watau abin hawan nan mai ƙafa biyu wanda ya cika birni da ƙauye, daga Sakkwato har Maiduguri, daga Zariya har Damagaram. Dalilin ɗauko maganar kuwa tsadar man fetur ce, wadda ta sa magidanta da yawa suka lulluɓe motocinsu da tampol a ƙofar gida, suka koma kan babur. Waɗansu suna ganin wannan ci baya ne, waɗansu kuwa suna ganin dabara ce. Abin da ya kamata shi ne a zauna a yi hisabi, kamar yadda ɗan kasuwa kan yi da maraice bayan ya rufe rumfa, domin a san inda riba take da inda hasara ta ɓuya.

Kowa ya san yadda al'amarin ya faro. Ran 29 ga watan Mayu na 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya faɗa cikin jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin wannan rana farashin gwamnati bai kai naira 200 a kan lita ɗaya ba. Mako bai zagayo ba sai da lita ta haura naira 500 a garuruwan Arewa. A watan Yuli na wannan shekara ta kai naira 617 a Abuja, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta ƙetare naira 1,000. Daga baya farashi ya riƙa hawa da sauka, amma bai koma inda ya fito ba. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 kuwa naira 70,000 ne a wata. Duk wanda ya aza waɗannan lambobi kusa da juna ya san dalilin da ya sa tafiya daga gida zuwa kasuwa ta zama mas'ala, alhali a da ba a ko sa ta cikin lissafi.

Mutanen da sun san bambancin doki da jaki. Doki abin hawan sarauta ne da wadata, ga kwarjini, ga sauri, amma yana son dawa da harawa da kanwa, yana son barga da yaron da zai riƙa yi masa ciyawa. Jaki kuwa ɗan abin da ya samu ya ishe shi, shi ne ya kai falke Gwanja ya komo da shi, shi ne ya ɗauki taki zuwa gona ya ɗauko dami zuwa gida. Ba a taɓa jin falke ya ji kunyar jakinsa ba, zama a bayansa arziki ya shigo gidaje da yawa. To, mota ita ce dokin wannan zamani, babur kuwa jakinsa. Malamin da ya hau babur zuwa wurin ba da karatu, ko attajirin da ya hau shi zuwa Kantin Kwari, bai rage kome daga mutuncinsa ba. Wanda ya ci bashi domin ya cika tankin mota saboda idon mutane, shi ne ya kamata a tausaya wa.

Ko asalin ƙaramin babur ma, talauci da ƙarancin mai ne suka haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar Japan ta rushe, fetur ya yi wuyar samu. A 1946 wani maƙeri mai suna Soichiro Honda ya sayi ƙananan injuna da sojoji suka bari, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna yana sayar wa mutane. A 1958 kamfaninsa ya fito da Super Cub, wanda a 2017 aka sanar cewa an ƙera guda miliyan 100 nasa, kuma daga siffarsa ne aka ɗauko irin waɗanda ake kira roba-roba a nan ƙasar. Kazalika a Italiya, a 1946 ɗin dai kamfanin Piaggio ya fito da Vespa, domin mutanen da yaƙi ya talauta su sami abin hawa mai araha. Dattawa ba su manta yadda Vespa da Honda suka yawaita a hannun ma'aikata ba bayan ƙarin albashin Udoji na 1974. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin da Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya suka zo suka mamaye hanyoyi. Saboda haka wanda tsada ta kora zuwa ga babur, ya koma ne ga abin da tun farko domin irin wannan hali aka yi shi.

Dalilin da ya sa babur ba ya shan mai ba ɓoyayye ba ne. Inji yana ƙona fetur ne domin ya tura nauyi, gwargwadon nauyi gwargwadon abin da zai ƙona. Ƙaramin babur bai cika wuce kilo 120 ba, ƙaramar mota kuwa takan haura kilo 1,000. Mutum ɗaya mai kilo 70 in ya shiga mota shi kaɗai, to, mafi yawan man da ya saya ƙarfe yake turawa da kujeru huɗu da ba kowa a kansu. Sa'an nan cikin injin ƙaramin babur kamar kashi ɗaya ne cikin goma na lita, ko ya ɗara kaɗan, alhali na mota yakan kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Bakin yaro da bakin ƙato ba su cin tuwo ɗaya. Shi ya sa lita ɗaya takan kai lafiyayyen ƙaramin babur kilomita 40 zuwa 50, wani lokaci fiye, ita kuwa tsohuwar mota a cikin cunkoson gari da ƙyar take wuce kilomita 10.

Ga misali domin hisabi ya fito fili. A ɗauka ɗan kasuwa ne wanda tsakanin gidansa da rumfarsa kilomita 10 ne, watau zuwa da komowa kilomita 20. In yana fita kwana 26 a wata, ya yi tafiyar kilomita 520 ke nan. Motar da ke cin kilomita 10 a lita za ta sha lita 52. Babur mai cin kilomita 40 a lita zai sha lita 13. In aka ƙaddara lita a kan naira 1,000 domin sauƙin lissafi, mai mota ya kashe naira 52,000, mai babur ya kashe 13,000, bambanci naira 39,000 kowane wata. Kuɗin man motar nan kaɗai ya kusa cinye kashi uku cikin huɗu na albashin nan na naira 70,000, tun ba a yi maganar hatsi da haya da kuɗin makaranta ba. Mai karatu yana iya sauya lambobin da nasa, ya sa nisan gidansa da farashin garinsa. Wanda kuma ba shi da mota, a daidaita sahu yake shiga kullum, sai ya tara abin da yake biya a wata, ya ɗebe kuɗin mai da na gyara, abin da ya rage ya raba kuɗin sayen babur da shi, nan zai ga cikin wata nawa babur zai fanshi kansa. In kuwa bashi za a ba shi, lalle ya sa ƙarin da aka ɗora masa cikin lissafi tun bai sa hannu ba.

Ban da mai, akwai waɗansu fa'idodi. Babur yana shiga lungunan tsohon birni inda mota ba ta iya juyawa, kamar unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi. Ba ya neman filin ajiya, zaure ya ishe shi. Malamin da zai ba da karatu da hantsi a wata unguwa, ya halarci raɗin suna a wata, ya kai gawa maƙabarta da azahar, ya komo ga almajiransa da la'asar, babur ne ke haɗa masa waɗannan duka cikin wuni ɗaya. Hanyar ƙauye mai yashi da kwazazzabo, wadda mota ke tsoro, babur yakan ratsa ta. Kayan gyaransa suna da araha in an gwada da na mota, kuma da wuya a sami kasuwar ƙauye da ba ta da bakanike da mai faci.

Amma adalci ya wajabta a faɗi inda hisabin nan ke juyewa. Motar da ke cin kilomita 10 a lita, in ta ɗauki mutum biyar, rabon kowannensu bai fi abin da mai babur ke sha shi kaɗai ba. Bas mai cike da fasinja kuwa ta fi su duka araha ga kowane kai. Saboda haka tsimin babur na mutum ɗaya ne ko biyu. Magidanci mai fita da iyali, ko maƙwabta huɗu da rumfunansu ke layi ɗaya, in suka haɗa kuɗin mai suka shiga mota ɗaya, ba su yi hasara ba. Kazalika doguwar tafiya bisa babbar hanya, inda tirela da tanka ke wucewa kamar iska, ba wurin ƙaramin babur ba ne. Buhunan hatsi daga Dawanau ko dilolin atamfa daga Kwari, aikin a-kori-kura ne. Tafiyar da ba ta fi tsakanin gida da masallacin unguwa ba kuwa, ƙafa ko keke sun fi, zama inji mai sanyi ya fi shan mai a farkon tashinsa. Ga kuma damina mai jiƙa riga da littafi, ga hunturu mai busar da ido da ƙirji. Wanda zai sayi babur ya san da waɗannan tun da wuri.

To, ga gundarin maganar. Mutum biyu sukan sayi babur iri ɗaya rana ɗaya, bayan shekara ɗayansu yana yabo, ɗayan yana kukan shan mai da yawan zuwa wurin bakanike, ko ma yana kwance ana yi masa ɗori. Bambancin daga hannun mahayi yake. Abin mamaki kuwa, duk abin da ke sa babur ya rage shan mai, shi ne kuma ke tsare ran mai shi, duk abin da ke ɓarnar mai kuwa shi ne ke kusantar da shi ga haɗari. Hanyar tattali da hanyar tsira ɗaya ce, tana da sharuɗɗa huɗu.

Sharaɗi na farko, a rage gudu. Masana sun tabbatar cewa in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin iskar da ke tokare mahayi yakan ninku sau huɗu, kuma da fetur inji ke yaƙar wannan iska. Haka nan in aka ninka gudu sau biyu, nisan da babur zai ci bayan an taka birki kafin ya tsaya yakan ninku sau huɗu. Ƙa'ida ɗaya ce ke cinye mai, ita ce kuma ke hana tsayawa sa'ad da yaro ko akuya suka faɗo hanya. A dubi ribar gudun kuma. Tafiyar kilomita 10 minti 15 ce ga mai gudun kilomita 40 a sa'a, minti 10 ce ga mai gudun 60. Minti biyar ke nan tsakani, ko shan shayi bai isa ba. Wanda ke murɗa totur da ƙarfi daga wannan mararraba, ya taka birki da ƙarfi a ta gaba, man da ya ƙona ya tashi a banza, zafi kawai ya zama a jikin birki. Mai hankali yakan tashi a hankali, ya sauya giya a kan lokaci, ya hango abin da ke gabansa tun daga nesa ya saki totur, in tsayuwa ta yi tsawo ya kashe inji. Sannu ba ta hana zuwa.

Sharaɗi na biyu, a san iyakar kaya. Babur na mutum biyu ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Amma da safe akan ga magidanci ya ɗora yaro a kan tanki, biyu a bayansa, uwarsu a ƙarshe da goyo, yana cewa tsimi yake yi. Akan ga kuma mai buhu uku, ƙafar gaba har tana neman barin ƙasa. Nauyin nan yana tilasta inji ya yi tafiya da ƙaramar giya yana kuka, mai ya ƙaru, sarƙa ta miƙe, taya ta cinye, birki ya kasa. In rami ya zo ba shiri, gida guda ne zai zube a kan kwalta. Mai jaki na da ya san cewa in ya yi wa jakinsa mangala fiye da ƙarfinsa, gobe ba shi da abin hawa. Sawu biyu cikin aminci sun fi sawu ɗaya na kasada araha, in an yi lissafi har ƙarshe.

Sharaɗi na uku, a kula da lafiyarsa. Taya mai ƙarancin iska takan shimfiɗu a ƙasa ta riƙe babur, inji ya ƙara shan mai domin ya ja ta, kuma ita ce ke sa kan babur ya yi rawa a kwana. Duba ta sau ɗaya a mako wurin mai faci ba ya cin kome. Sarƙa busasshiya ko sakakkiya tana cinye ƙarfin inji kafin ya isa ƙafar baya, in ta zame ana cikin gudu kuwa sai ta kulle ƙafar. Matatar iska ita ce hancin inji, ƙurar hunturu kuwa takan toshe ta da sauri, sai inji ya riƙa zuƙar fetur fiye da kima yana fitar da baƙin hayaƙi. Fulogi in ya tsufa ba ya ƙona mai duka. Birki mai kamawa ko da ba a taka shi ba, tamkar mutum ne yana tafiya wani yana jan rigarsa ta baya. Baƙin mai kuma a juye shi bisa ƙa'idar da masu ƙera babur suka rubuta, zama injin ƙaramin babur iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ga zafin bazara, in man ya tsinke sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Wanda zai sayi na hannu ya sani kuma cewa tsofaffin injunan nan da ake gauraya wa fetur da mai, masu shuɗin hayaƙi, sun fi na yanzu sha. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Sharaɗi na huɗu, a san man da ake zubawa. 'Yan bumburutu suna da rana, musamman a ƙauye ko sa'ad da gidajen mai suka rufe, kuma cikinsu akwai masu amana. Amma man kwalba ya fi na famfo tsada, ba a da tabbacin cikar awonsa, wani kuma yakan zo da ruwa ko datti ya toshe hanyar mai, babur ya mutu a tsakiyar titi. Wanda ke sayen rabin kwalba kullum yana ganin kamar sauƙi ya samu, alhali in ya tara na wata zai ga ya biya fiye da wanda ya cika tanki a gidan mai. Ga wata dabara mai sauƙi: a cika tanki, a rubuta lambar da agogon nisa ya nuna, in an komo cikawa a raba kilomitan da aka yi da litocin da suka shiga. Ranar da lissafin ya faɗi ƙasa, babur yana faɗin cewa wani abu ya same shi. Ajiye fetur a jarka cikin ɗaki kuwa, kusa da murhu ko fitila ko wutar tsangaya, wannan ba tanadi ba ne, ajiye gobara ne.

Bayan sharuɗɗan nan huɗu akwai wata magana wadda ta fi su nauyi, ita ce ta hular kwano. Mai mota ƙarfe ne ya kewaye shi, mai babur kuwa jikinsa ne bangonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Abin da ya fi kashe mai babur shi ne bugun kai. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ran 1 ga Janairu na 2009. Waɗanda suka ga lokacin suna tuna yadda waɗansu suka riƙa kifa ƙwarya ko robar fenti a ka domin su wuce jami'ai, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje, aka yi ta dariya. Jami'i suka ruɗa, amma kwalta ba ta ruɗuwa.

Uzurorin da ake kawowa an san su. Wani ya ce zafi, wani ya ce tsada, wani ya ce hular za ta ɓata masa zanna bukar ko ta hana shi naɗa rawani, wani kuma ya ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Maganar tsada, hisabin da ya gabata ya amsa ta, zama abin da babur ya rage wa mutum cikin wata ɗaya ko biyu ya isa sayen hula mai kauri mai maɗauri, kuma ita ce ya kamata ta zama farkon abin da za a saya da wannan rara. Maganar ado kuwa, hula da rawani sukan shiga jaka, a naɗa su in an sauka. Maganar ƙaddara, malamai sun fi kowa sanin cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma malaman usulu da suka lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, sun gabatar da rai da hankali a kan dukiya. Ba daidai ba ne mutum ya yi tattalin naira a tanki, ya bar kansa a fili. Kan da aka yi shekaru ana zuba masa izu sittin, daga wannan tsangaya zuwa waccan, cikin sanyi da yunwa, ya fi ƙarfin a jingina tsaronsa ga hular zare. In malami ya sa hular kwano, almajiransa da mutanen unguwa za su daina ganin ta abin kunya, wannan kuwa wa'azi ne da ba ya bukatar mumbari.

Akwai kuma abin da ya keɓanci masu manyan tufafi. Hannun babbar riga, da jelar rawani, da gefen hijabi ko zanen matar da aka goya, in suka sauko kusa da ƙafar baya, sarƙa ko wayoyin taya sukan kama su su naɗe, su fizgo mutum ƙasa cikin ƙiftawar ido. Kafin a tashi a tattare riga a cinya, a ce wa uwargida ta tattara mayafinta. Silifa kuma ba takalmin babur ba ne. Fitila da madubi ba ado ba ne da za a cire, musamman ga mai fita sallar asuba ko mai komowa daga kasuwa bayan magariba, zama direban babbar mota ba ya kauce wa abin da bai gani ba. Sa'an nan iyaye su ji tsoron miƙa makulli ga yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba don kawai a aike shi cefane, su kuma hana samari wasan tsere da babur a wurin biki, inda ake ƙona mai da rai gaba ɗaya ba gaira ba dalili.

Mai babur ya san kuma dokar garin da yake. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006, an hana hawan babur a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram, a Kano kuma an hana ɗaukar fasinja a kan babur a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. A Jamhuriyar Nijar ma an taɓa hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015 saboda tsaro. Irin waɗannan dokoki sukan tsananta su kuma sassauta gwargwadon hali, don haka wanda zai zuba jarinsa a babur ya fara tambayar abin da aka yarda da shi a inda zai riƙa bi. Ya riƙe rasiɗin saye, ya yi lamba da lasisi, ya kuma tanadi sarƙa da kwaɗo, domin babur ya fi mota sauƙin sata, kuma ɓarawo ba ya jin kunyar ƙofar masallaci.

Kira na ƙarshe ga shugabanni ne. Hukumomin hanya su sani cewa ramin da mota ke wucewa da ɗan girgiza, shi ne ke kayar da mai babur, don haka cike ramuka ceton rai ne. Su kuma sa ido a kan hulunan da ake shigowa da su, kada a sayar wa talaka roba mai fashewa da sunan kariya. Shugabannin kasuwanni su keɓe wurin ajiye babura da mai gadi, su kuma duba ko ƙungiyoyinsu za su iya sayo huluna masu kyau da yawa a raba wa 'yan'uwa bisa farashin sari. Limamai da alarammomi kuwa su sa wannan magana cikin nasihohinsu, zama marayun da haɗarin babur ya bari, a ƙofarsu ake kawo su.

Babur dai ni'ima ce ga mai ƙaramin ƙarfi a wannan zamani na tsadar mai, kuma hisabi ya nuna ribarsa ga mai zuwa da komowa shi kaɗai ko shi da mutum ɗaya. Amma ribar ba ta tabbata sai ga wanda ya rage gudu, ya san iyakar kaya, ya kula da inji, ya zaɓi mai, ya kuma rufe kansa. Wanda ya bar waɗannan, abin da ya tara a shekara zai iya ƙarewa cikin mako ɗaya a asibitin ƙashi, rumfa a rufe, almajirai ba mai biya musu allo, ya zama garin neman gira an rasa ido. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a cikin nema, ya komo da kowa ga iyalinsa lafiya.